Kansil ta riga ta amince da tsarin raya unguwarmu, to ƙuri'armu ta mece ce?

Baban_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Ingila. An jefo mana katin zaɓe ta ƙofa, ni da uwargida. Ba na kansila ba ne, wai ƙuri'ar raba gardama ce a kan tsarin raya unguwarmu. Da na shiga shafin kansil, wato ƙaramar hukumarmu, sai na ga takarda tana cewa majalisa ta duba tsarin ta amince, ta kuma yarda a kai shi gaban jama'a. To abin da ya ɗaure min kai ke nan. In har sun amince, mu me ya rage mana? Ni dai gani nake an gama komai a ofis, so ake kawai mu je mu dangwala don gobe a ce jama'a ne suka zaɓa. Ga shi ranar Alhamis ce, kuma aikin dare nake a satin. In fita ko in yi barcina?

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Yi barcinka Malam. Duk inda ka ji an ce hukuma ta amince, magana ta ƙare. Bambancinsu da mu kawai, su sun iya shirya abin ya yi kyan gani.

Mai_Taswira:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Hanif, wannan fannin da shi nake ci, don haka a yi min haƙuri in ɗan tsawaita.

Da farko ba kansil ce ta rubuta tsarin ba. Tun da aka yi dokar Localism Act a 2011, mutanen unguwa a Ingila suna da damar rubuta nasu ƙa'idojin gini: ina za a sa sababbin gidaje, wane fili ne ba za a taɓa ba, bene hawa nawa ya dace da layin, waɗanne shaguna ne ba za a mayar ɗakunan kwana ba. Inda akwai ƙaramar majalisar gari ko ta ƙauye, wadda ake ce wa farish, ita ke jan ragama. Inda babu, kamar yawancin unguwannin manyan birane, sai mutum aƙalla 21 masu zama ko aiki a wurin su kafa dandali, kansil ta yi musu rajista ta shekara biyar.

In sun gama rubutawa, dole su baza shi gaban jama'a na sati shida aƙalla, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Su gyara su miƙa wa kansil, ita ma ta sake baza shi na wani sati shidan. Daga nan a ɗauko mai tantancewa daga waje, wanda ba ma'aikacin kansil ba ne, ba shi kuma da fili a unguwar, kuma sai masu tsarin sun yarda da shi kafin a naɗa shi. Shi ba ruwansa da ko tsarin ya burge shi. Abin da yake dubawa shi ne: ya yi la'akari da manufofin gwamnatin ƙasa? Ya tafi daidai da manyan manufofin babban tsarin kansil ɗin? Bai taka dokar muhalli ko haƙƙin ɗan Adam ba? Sai ya ce a wuce da shi yadda yake, ko a wuce bayan an yi gyara kaza da kaza, ko a tsayar da shi.

Takardar da ka gani ita ce matakin da ke bin wannan. Kansil tana da sati biyar ta yanke hukunci kan rahoton mai tantancewar. Amincewarta tana nufin "wannan kundin ya cika sharuɗɗa, ya isa a tambayi jama'a". Ba ta nufin ya zama doka. Daga ranar kuma ana so a yi zaɓen cikin ranakun aiki 56.

Baban_Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam Mai_Taswira. To yanzu in muka taru muka ce a'a, shi ke nan ya faɗi? Ko za su zagaya ta baya su zartar da abinsu?

Lauyan_Gobe:
Ya faɗi warwas, Baban Hanif. Kuma an taɓa yi. A Swanwick, wani gari a Derbyshire, a Oktoban 2016 jama'a suka yi watsi da nasu tsarin da gagarumin rinjaye. Abin ban mamakin shi ne majalisar garin da ta rubuta shi ita ce ta fito tana cewa mutane su ƙi shi, saboda bayan gyare-gyaren mai tantancewa, waɗanda kansil ɗin Amber Valley ta karɓa, sun ga abin da ya rage ba shi ne suka rubuta ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, in fiye da rabin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka ce e, hannun kansil a ɗaure yake. Dole ta zartar da shi cikin sati takwas, ko tana so ko ba ta so, sai fa in zai karya dokokin muhalli da aka gada daga Tarayyar Turai ko haƙƙin ɗan Adam. Tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2017 ma, da zarar an sanar da sakamako ya fara aiki, ba sai an jira zaman majalisa ba.

Dan_Fagge:
Yauwa, ɗan lauya, ai kai ka kawo min hujja da bakinka. Mutane sun zauna shekara da shekaru sun rubuta abin da suke so, wani ya zo daga waje ya sa almakashi, kansil ta buga hatimi, sannan aka ce zo ku zaɓa. Zaɓin me? Ko ka karɓi ragowar ko ka tashi a tutar babu. Ni wannan ba na kiran sa ikon jama'a.

Lauyan_Gobe:
Yaya Dan_Fagge, ban ce babu gaskiya a maganarka ba. Amma almakashin ma yana da iyaka. In kansil ta so ta kauce wa abin da mai tantancewa ya ce saboda wata sabuwar hujja, sai ta sanar ta saurari mutane na sati shida. In kuma ta yi ta jan ƙafa ko ta ƙi bin shawararsa, masu tsarin suna iya kai kuka wurin minista ya shiga tsakani. Ba haka kawai take yanka ba.

Uwargida_Leeds:
Salamu alaikum. Ku bar ni in faɗi abin da na gani da idona, don duk wannan rigimar ta ranar zaɓe ihu ne bayan hari.

Lokacin da ake sati shidan farko a unguwarmu, wata maƙociyata Baturiya ta ja ni zuwa taron. A zauren coci aka yi, ranar Asabar da hantsi. An shimfiɗa ƙatuwar taswirar unguwa a kan tebur biyu da aka haɗa, ga shayi da biskit a gefe, an ba kowa ƴan takardu masu manne, kore da ja. Inda kake so ka liƙa kore, inda yake damunka ka liƙa ja, ka rubuta dalili. Na waiga hagu na waiga dama, wallahi ban ga mai kama da ni ba sai wata ƴar Somaliya guda da ta shigo da keken jariri. Sauran duk dattawa ne da suka yi ritaya, kowa da tabarau a rataye a wuya, sun san sunan kowace bishiya a layinsu. Wani tsoho ya shafe kusan rabin awa yana bayani kan katangar dutse da yake so a kare.

Ni kuma abin da ke raina shi ne ɗan filin da yaranmu ke buga ƙwallo bayan makarantar Islamiyya. Na liƙa kore na rubuta. Wata mata cikin masu shirya taron ta biyo ni har ƙofa tana tambayata yara nawa ke zuwa, wace rana, ko zan iya samo iyaye su rubuto. Na kawo maganar a zaurenmu na mata, aka yi ta "in sha Allahu", waɗanda suka rubuta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Allah ya taimaka dai filin ya shiga.

Abin kamar ɗinki ne a wurin tela. Ranar awo ake cewa a ƙara hannu a rage wuya. Ranar da aka miƙo maka riga a leda, ko ka karɓa ko ka bar masa. Mu kullum ranar karɓa muke zuwa.

Bagobiri:
Hajiya kin gama magana. Sai dai a yi mana adalci, taron Asabar da hantsi wa zai je? Mai tuƙin tasi da ya kwana a hanya, ko mai aikin kula da tsofaffi da ke kan aiki tun asuba?

Uwargida_Leeds:
Malam Bagobiri, ana iya rubutawa ta imel ko a cike fom a waya, sati shida cur. Muna da lokacin tura saƙon murya na minti goma kan siyasar Kano ai.

Damagaram227:
Ina wuninku. Ni ɗan Nijar ne, ina zaune da iyalina a nan, ina biyan harajin kansil kamar kowa. Maƙocina ɗan Najeriya ya samu katin, ni ban samu ba. Mantuwa ce ko yaya?

Lauyan_Gobe:
Ba mantuwa ba ce, Malam Damagaram. Wanda ke da ikon zaɓen kansila a yankin shi ke da ikon wannan ƙuri'ar. Ƴan ƙasashen Commonwealth da ke zaune bisa ƙa'ida suna ciki, har ɗalibai, in dai sun yi rajista. Najeriya, Ghana da Kamaru suna ciki. Nijar, Chadi da Sudan ba sa ciki, sai in mutum ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya. Amma lura da wannan: matakin jin ra'ayi da Hajiya ta yi bayani ba ya tambayar fasfo. Duk mai zama ko aiki ko kasuwanci a unguwar yana iya rubutawa, har ya shiga dandalin ma.

Damagaram227:
To madalla. Ashe ƙofar da ta fi amfani a buɗe take gare ni, wadda aka rufe min ita ce Dan_Fagge ke cewa ba ta da amfani.

Zango_Kumasi:
Hahaha. Ƙarin bayani ga masu zuwa: tun 2023 sai da katin shaida mai hoto ake ba ka takardar ƙuri'a. Ni da fasfo ɗina na Ghana na je suka karɓa. Lasin tuƙi na nan ma ya isa. Katin zaɓen da aka jefo ta ƙofa shi kaɗai ba ya wadatarwa.

Bagobiri:
Ni tambayata ta kuɗi ce. Na ji wani a masallaci yana cewa in tsarin ya wuce za a ƙara mana haraji. Gaskiya ne?

Mai_Taswira:
Ba haka ba ne Malam Bagobiri. Kuɗin tantancewa da na zaɓen, kansil ce ke biya. Maganar kuɗin da ke ciki ta wata fuska ce. Akwai harajin da kansiloli da dama ke karɓa daga kamfanonin gine-gine kan sababbin gine-gine, don a yi hanyoyi da makarantu da wuraren wasa. Unguwar da ba ta da tsari kashi 15 cikin ɗari take samu daga abin da aka tara a cikinta, shi ma da iyakar da ba ya wucewa. Wadda ke da tsarin da ya wuce zaɓe kashi 25 take samu, babu iyaka. Inda akwai farish, hannunta kuɗin ke shiga kai tsaye. Inda dandali ne kawai, kuɗin na zama wurin kansil, sai dai ta tuntuɓi mutanen unguwa kan abin da za a yi da shi. Kuma ba kowace kansil ce ke karɓar wannan harajin ba, sai ka duba taku.

Mai yiwuwa mutumin ya haɗa shi da ɗan kason da farish ke ɗorawa a kan harajin kansil. Wannan daban ne, da tsari da babu tsari suna karɓarsa.

Dan_Haya:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku lissafi. Ana ta cewa jama'a, jama'a. Su wane ne jama'ar? Hajiya da kanta ta faɗa: dattawa masu gidajen kansu. Mutumin da ya gama biyan gidansa tun kafin a haife ni, me yake so? Kada a gina komai kusa da shi, kada a tare masa rana, kada darajar gidansa ta sauka. Ni kuma da iyalina muna cikin ɗaki biyu, rabin albashina na tafiya haya, abin da nake so a gina gidaje ko'ina har farashi ya sauko. In tsarin nan ya ce a kare wannan fili, a kare wancan, a hana raba babban gida zuwa ɗakunan haya, to a kaina ake karewa. Don haka ni kam gara da kansil ke da almakashin. In aka bar masu tabarau su kaɗai, ko bulo ɗaya ba za a ɗora ba.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. Ni ina kukan kansil ta yi ƙarfi, wannan yana kukan ba ta yi ƙarfi sosai ba.

Mai_Taswira:
Dan_Haya, damuwarka tana kan hanya, kuma dalilin da ya sa aka sa wannan shingen ke nan. Tsarin unguwa ba shi da ikon rage yawan gidajen da babban tsarin kansil ya ɗora wa yankin. Yana iya ƙarawa, ba ya iya ragewa. Abin da ke hannunsu shi ne a ina, kuma da wane fasali.

Misalin da muke yawan bayarwa shi ne Thame a Oxfordshire, ɗaya daga cikin na farko-farko, a Mayun 2013. An ɗora musu gidaje 775. Maimakon a jibge mafi yawansu a fili guda a gefen gari kamar yadda aka so da farko, mutanen garin suka rarraba su wurare da dama. Gidajen ba su ragu ba. A watan ne kuma unguwar St James ta Exeter ta yi nata, su kuma babbar damuwarsu yawan gidajen da ake mayarwa ɗakunan ɗalibai. Wannan na biyun, na yarda, irin abin da kake tsoro ne, don mai neman ɗaki mai sauƙi shi zai ji a jikinsa. Na farko a ƙasar gaba ɗaya shi ne Upper Eden a Cumbria, Maris 2013, kuma abin da suka nema a sassauta musu ne su samu gidaje masu araha ga ƴaƴansu a ƙauyuka. Ka ga ba duka ne na hanawa ba.

Tsohon_Kansila:
Assalamu alaikum. Ina bin ku daga gida Najeriya, ɗana ne ya sa ni a zauren. Na yi kansila zango ɗaya shekarun baya, kuma wallahi ina karantawa ina girgiza kai. Ku kuna rigima don an tambaye ku sau uku, mu sau ɗaya ma wa ya tambaya? Ƙungiyoyin ci gaban unguwa muna da su ko'ina. Su ke yashe kwata da aikin gayya kafin damina, su ke haɗa kuɗin taransifoma, su ke biyan ƴan sintiri. Amma ranar da za a yanka filin makaranta ko a toshe hanyar ruwa da shaguna, sai dai su wayi gari su ga an kafa harsashi. Mai unguwa ma wani lokacin a bakin mutane yake ji. Da a ce abin da ƙungiyar unguwa ta rubuta zai zama abin da hukuma ba ta isa ta tsallake ba, da ambaliyar da muke sha duk shekara ta ragu.

Injiniya_Zazzau:
Ranka ya daɗe, matsalar daga tushe take. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, filayen birni kuma shi ke da iko da su kai tsaye. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a riƙa baje daftarin tsari jama'a su kawo ƙorafi, amma izinin gini a birane hukumomin jiha ke bayarwa. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi 774 bai taɓa wannan ba. Ƙaramar hukumar da ba ta da iko da fili, me za ta miƙa wa unguwa?

Tsohon_Kansila:
Haka ne Injiniya. Mu dai kasuwa da tasha da maƙabarta aka bar mana.

Admin_Zaure:
Baba Kansila, Injiniya, Allah ya ƙara girma. Maganar gida tana da daɗi amma in muka shige ta ba za mu fito ba. A buɗe mata nata zaren. Mu koma kan tambayar Baban Hanif.

Yar_Birmingham:
Ina so in amsa wa Dan_Haya da Anti ta Leeds a tare. Ba ko'ina ba ne masu tabarau. Balsall Heath a nan Birmingham unguwa ce ta talakawa, cike da Musulmi ƴan asalin Pakistan da Yemen da Somaliya, kuma sun yi nasu tsarin ya wuce zaɓe a 2015. Abin da ya taimake su, suna da ƙungiyar unguwa mai ƙarfi tun kafin dokar ta zo. In mutum 21 ake nema, masallaci ɗaya ranar Juma'a ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. Mu ne dai ba mu ɗauki zancen fili da gini a matsayin namu ba, sai ranar da aka hana mu izinin faɗaɗa masallaci saboda wurin ajiye motoci, sannan a fara tara sa hannu.

Dan_Haya:
Ƴar'uwa, wanda bai san ko zai kai baɗi a gidan da yake ba, yaya za a yi ya shiga aikin shekara uku ko huɗu? Mai gida na iya cewa zai sayar, ka koma wata unguwa. Ba lalaci ba ne kullum.

Lauyan_Gobe:
Tun da Yaya Dan_Fagge yana neman inda kansil ke da ta cewa ta ƙarshe, bari in ba shi da kaina. Unguwar da aka ayyana ta kasuwanci ce, ƙuri'a biyu ake yi rana ɗaya, ta mazauna da ta masu kasuwanci. Tsakiyar Milton Keynes ce ta fara yin haka a Mayun 2015, duka biyun suka ce e. Amma a Spitalfields, wajen Brick Lane a gabashin Landan, a Nuwamban 2021 mazauna suka ce e, ƴan kasuwa suka ce a'a. In aka samu haka doka ta bar wa kansil hukunci, kuma Tower Hamlets ta ƙi zartar da shi daga baya. Baban Hanif, in katinku bai ambaci ƙuri'ar ƴan kasuwa ba, wannan bai shafe ku ba.

Dan_Fagge:
Na gode ɗan lauya, Allah ya sa ka gama lafiya. A rubuta an ba ni ɗaya.

Bakano_Glasgow:
Mu a nan Sukotlan ma babu zaɓen gaba ɗaya. Dokar 2019 ta ba unguwanni damar rubuta nasu, kansil ta yi masa rajista, ta yi la'akari da shi in za ta rubuta babban tsarinta. La'akari kawai. Don haka ku na Ingila da kuke raina ƙuri'ar, ku san akwai waɗanda ba a ba su ba.

Uwargida_Leeds:
Kuma wani abu da ba a faɗa ba: babu adadin da dole sai ya fito kafin zaɓen ya inganta. Ranar namu na je bayan la'asar, a makarantar firamare, ma'aikata biyu na zaune suna hira, ɗaya tana saƙa. Takardar tambaya ɗaya ce tal: kana so kansil ta yi amfani da wannan tsarin wajen yanke hukunci kan neman izinin gini a unguwar, e ko a'a. In mutum ɗari uku suka fito, ɗari da hamsin da ɗaya sun yanke wa dubbai hukunci na shekara goma ko sha biyar. A irin wannan zaɓen ƙuri'ar gida ɗaya tana da nauyi.

Bagobiri:
To amma Malam Mai_Taswira, wani abokin aikina a wani ƙauye yake, sun yi tsarin, ya wuce, an yi murna. Bayan ƴan shekaru kamfani ya nemi gina rukunin gidaje a filin da ba sa cikin tsarin, kansil ta hana, kamfanin ya ɗaukaka ƙara aka ba shi. Ina amfanin wahalar?

Mai_Taswira:
Yana faruwa, ba zan ɓoye ba. Doka ta ce a yanke hukunci bisa tsari sai in akwai wasu dalilai masu nauyi da suka rinjaya. Babban dalilin da kamfanoni ke shiga ta shi: kowace kansil dole ta nuna tana da filayen gina gidaje da za su ishe ta shekara biyar. In ta kasa, ma'auni ya karkata wajen mai gini, kuma sufeton da ke sauraron ƙarar daga hukumar ƙasa yake, ba ɗan garin ba. Tsarin unguwa yana samun kariya daga wannan in bai wuce shekara biyar da zartarwa ba, kuma shi da kansa ya ware filayen da suka cika kason gidajen da aka ɗora masa. Wanda ya tsufa ba a sabunta ba, ko wanda bai ware ko fili ɗaya ba, shi ake bugewa.

Sabuntawar ce ma ta ƙara wuya yanzu. Da gwamnati na ba da tallafin har fam 10,000 ta hannun ƙungiyar Locality, da ƙari ga masu ware filaye, a ɗauki ƙwararre ya taimaka. A Yunin 2025 aka sanar an daina karɓar sababbin buƙatu. Garin da ke da farish mai kuɗi zai ci gaba. Dandalin unguwar talakawa da ba shi da ko asusu, ban ga yadda zai yi ba.

Dan_Haya:
Wato masu tabarau sun ƙara samun fili.

Baban_Hanif:
Jama'a na gode ƙwarai. Na sauke kundin a waya na karanta a lokacin hutu wurin aiki, da rahoton mai tantancewar. Abu uku na gani. Sun sa filin da muke sallar Idi cikin wuraren da ba za a gina ba, wannan ya yi min. Sun ware tsohon garejin bas a gina gidaje, da sharaɗin wani kaso ya zama masu araha. Amma akwai sashen da ke tsaurara raba gida zuwa ɗakunan haya, kuma ƙanena a irin wannan ɗakin yake zaune. Maganar shara da ramukan titi da na ɗauka su ne kan gaba, an tura su can ƙarshe a matsayin buri kawai, mai tantancewar ya ce ba harkar amfani da fili ba ce. Ya kuma goge wani sashe da ya ce dole kowane sabon gida ya samu wurin mota biyu. Yanzu ni matsalata ta canza: biyu ina so, ɗaya ba na so, kuma babu akwatin "e amma".

Dan_Fagge:
Ka gani ko? Babu akwatin "e amma". Abin da nake faɗa tun farkon zaren nan ke nan.

Mai_Taswira:
Sashen ɗakunan hayar ba zai taɓa gidan da ƙanenka yake ciki ba, sababbin masu neman izini zai shafa. Ka duba ko hanawa ya yi gaba ɗaya ko iyaka ya sa a kowane layi, akwai bambanci sosai.

Dan_Haya:
Ba zai taɓa ɗakinsa na yau ba, amma ranar da zai nemi wani fa? Baban Hanif, ni da ni ne a'a zan dangwala.

Yar_Birmingham:
In ya ce a'a kuma ta yi rinjaye, filin Idin ya koma yadda yake ba kariya, gidajen garejin ma babu tabbas ɗin sharaɗin. Kowanne da kuɗinsa.

Zango_Kumasi:
Rumfa tana buɗe daga bakwai na safe zuwa goma na dare, mai aikin dare yana iya biyawa a hanyar dawowa. Wanda bai yi rajista ba kuma ana rufewa ranakun aiki 12 kafin zaɓe.

Damagaram227:
Malam Mai_Taswira, in dandalin unguwarmu ya cika shekara biyar ɗin zai sake neman rajista, a nan sababbin mutane ke shiga ko sai an gayyace ka? Ina so in san wa zan rubuta wa, kansil ko su.